Yogar Vinyasa, Ashtanga ko Power: wanne ne zai karɓi mai ciwon baya?

Maman Ilham, Gandun Albasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri tambayata za ta ɗan yi tsawo, so nake wanda zai ba ni amsa ya san halin da nake ciki tukuna.

Ni tela ce, shekarata 39, 'ya'yana huɗu, kuma shekara goma sha huɗu ke nan ina kan keke. Wanda ya san sana'ar ya san daga tsakiyar azumi zuwa daren sallah ba ma sanin hanyar gado. Bayan ƙaramar sallar da ta wuce bayana ya riƙe daidai ƙugu. In na tashi daga kujera sai na dafa bango, na ɗan jima a rankwafe kamar mai ruku'u kafin in iya miƙewa. Na je asibiti aka yi hoto, aka ce babu abin da ya goce, zama ne ya yi yawa, in riƙa motsa jiki. To fita zagaye da safe ba ta yiwuwa gare ni, ga shirya yara makaranta, ga girki, ga masu karɓar ɗinki tun ƙarfe takwas suna sallama.

Ƙanwata da ke karatu a BUK ce ta turo mini wani bidiyon yoga, wato motsa jikin nan na Indiya da ake haɗawa da numfashi, na minti ashirin. Wata mata ce take yi a hankali, tana cewa shaƙi numfashi, saki numfashi. Kwana goma ina bin ta bayan isha'i, kuma wallahi na ji canji, har barcina ya gyaru. Daga nan na shiga YouTube neman wasu, a nan ne kaina ya ɗaure. Wani an rubuta Vinyasa, wani Ashtanga, wani Power, wani kuma an ce na sannu-sannu, kuma duk suna cewa yoga ce mai gudana, wato ba a tsayawa. Na Vinyasa ɗin kowace malama da nata, abin da na koya jiya ba shi zan gani yau ba. Na Ashtanga wani dattijo ne yake ta ƙirga da yarensu, ba ya bayanin komai, mutane na ta tsalle gaba da baya. Na Power kuwa shi ya yi mini illa. Minti bakwai ban cika ba na fara haki, gumi na ɗiga a kan ledar ɗaki, tafin hannuna na zamewa, amma na ce sai na kai ƙarshe. Washegari wuyan hannuna na dama ya ɗaga, almakashi ma na kasa riƙewa. Kwana uku ban yanka yadi ba, ga ankon biki na mutum goma sha biyu yana jirana.

Don Allah wanda ya sani ya warware mini: mene ne ainihin bambancinsu? Abu ɗaya ne aka canza wa suna ko kowanne da hanyarsa? Kuma mace mai shekaruna, mai ciwon baya, wadda hannunta ne jarinta, wanne ya kamata ta riƙe? Ga kuma maganar data, don kullum sai na buɗe bidiyo, abin ya fara taɓa aljihuna.

Anti Bilki, Hotoro

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Tambayarki ta faɗo inda ya dace, don na zauna a garin da yawancin waɗannan abubuwa suka fito. Maigidana ya yi digirinsa na uku a Maisur, cikin jihar Karnataka a kudancin Indiya, muka yi shekara uku a can. Akwai wata unguwa Gokulam, tun kafin asuba za ki ga Turawa a kan titi kowa da tabarmarsa naɗe a hammata. Ni ban shiga babbar makarantarsu ba. Kuɗinta ba na matar ɗalibi ba ne, kuma maza da mata a haɗe suke. Wata dattijuwa ce a layinmu take koya wa mata zalla a saman benenta, mu takwas, a hannunta na koya.

Abin da za ki fara sani shi ne kusan dukkansu 'yan gida ɗaya ne. Akwai wani malami Krishnamacharya, an haife shi a 1888 ya rasu a 1989. A shekarun 1930 Sarkin Maisur ya ba shi wuri yana koyarwa a ƙarƙashin fada, kuma yawancin ɗalibansa a lokacin samari ne masu jini a jika. Saboda haka ya koyar da su salo mai tsalle, mai sauri, mai cin ƙarfi. Ɗalibinsa Pattabhi Jois ya riƙe wannan salo, ya buɗe makarantarsa a 1948, shi ne Ashtanga ɗin da kika gani. Iyengar, ƙanin matar Krishnamacharya, ya tafi garin Pune ya ɗauki wata hanya, ta tsayawa a siffa ɗaya ana gyara ta da bulon katako da ɗamara. Shi kansa malamin da ya koma Madras daga baya, mutum ɗai-ɗai ya riƙa koyarwa, a hankali, gwargwadon shekaru da lafiyar wanda ya zo, kuma wannan hanyar ce ɗansa Desikachar ya gada. Kin ga ashe ko wanda ya kafa abin bai ba yaro ɗan sha biyar da uwar 'ya'ya huɗu abu ɗaya ba.

Ita kalmar vinyasa a aikace tana nufin ɗaura kowane motsi a kan numfashi. Kina shaƙa kina ɗaga hannu ko buɗe ƙirji, kina saki kina sunkuyawa. Tunda ke tela ce bari in faɗa miki da yarenki: siffofin jikin su ne yankan yadi, numfashi shi ne zaren. Yankan kusan iri ɗaya ne a dukkan salon nan. Inda suka rabu shi ne wa ke tsara jerin, da wane gudu ake taka keken, da kuma sau nawa ake ɗora nauyin jiki a kan hannu.

Ashtanga hadda ce. Jeri shida ne, kuma yawancin mutane a na farko suke shekaru. Abin da kika yi yau shi za ki yi gobe, shi wani yake yi a Jamus, ba a tsallake komai, ba a sauya wuri. Cikakken jerin farko yana cin wajen awa ɗaya da rabi. Yawancin siffofin numfashi biyar ake yi a cikinsu. Numfashin ta hanci ne, mai ɗan sauti a maƙogwaro kamar na mai barci mai nauyi da bai kai ga minshari ba, suna ce masa ujjayi. Ido kuma a kafe yake wuri ɗaya, ko tsinin hanci, ko cibiya, ko babban yatsa. Kwana shida ake yi a mako, ana hutawa ranar da wata ya cika da ranar da ya ɓace, mata kuma suna hutawa kwanakin farko na al'ada. Yadda ake koyar da shi a Maisur kuwa sak makarantar allo. Kowa yana nasa shi kaɗai, malama na zagayawa, ba a biya miki gaba sai kin kawo na baya.

Ba na mantawa, wata biyu cur na yi ban wuce siffofin tsaye ba. Dattijuwar nan tana zaune a kujerar roba kusa da tukunyar fulawarta, sau da yawa ma idonta a rufe. Ashe kunne take kasawa. Da zarar na buɗe baki na ja iska, ko da na juya mata baya, sai in ji ta buga sandarta a ƙasa sau ɗaya ta ce ya isa, in kwanta. Ran nan na ce mata ai ban gaji ba. Ta ce jikina ne bai gaji ba, numfashina ya riga ya tafi gida. Na ji haushi a ranar, don 'yar da muka fara tare ta yi mini nisa. Yanzu shekara tara ina yi ban taɓa jin ciwo ba, kuma na san albarkacin sandar nan ce.

Kyawun Ashtanga a garinmu shi ne ba ruwanki da waya. Ko an ɗauke wuta, ko babu caji, ko babu data, abinki na cikin kanki. Kuma da yake abu ɗaya kike maimaitawa, za ki gane yau jikinki ya fi jiya sakewa ko ya fi ɗaurewa. Aibinsa kuma shi ne bai san ki ba. Akwai wani motsi da suke kira caturanga: kina kife a kan tafin hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal, sai ki lanƙwasa gwiwar hannu ki sauko dab da ƙasa ba tare da kin taɓa ta ba. A buɗewar Ashtanga kaɗai akwai gajerun jeri biyu, na farko sau biyar da guda ɗaya-ɗaya, na biyu sau biyar da guda uku-uku, kin yi shi sau ashirin ke nan tun ba a shiga karatun ba. Daga nan kuma tsakanin siffofin zaune ana ta komawa kansa. Wuyan hannun da bai saba ba ba zai ɗauka ba. Sannan jerin farko cike yake da sunkuyo gaba, ke kuma dama yini kike a sunkuye.

Power ɗan Ashtanga ne da ya tashi a Amurka. Wajen shekarun 1990 ya yi suna ta hannun Beryl Bender Birch a New York da Bryan Kest a Kalifoniya, dukansu Ashtanga suka fara koya. Sai suka cire haddar, suka bar ƙarfin da gumin, don ya dace da masu zuwa gidan motsa jiki. Ba mugun abu ba ne, amma an yi shi ne don wanda ya riga ya gina hannu da ciki. Wanda kuma aka rubuta wa Vinyasa kawai, wannan kamar a ce miki miya ce. Ta kuka ce ko ta taushe, sai kin ɗanɗana, kuma daɗinta na hannun mai girki. Wata malamar za ta jera miki abu mai hankali, ta ɗumama ƙugu kafin ta buɗe shi. Wata kuma rawa kawai take haɗawa don ta yi kyau a bidiyo. Na sannu-sannun shi ma Vinyasa ne, sai dai ana yin numfashi uku zuwa biyar a inda wancan ke yin ɗaya, kuma ana yawan sa gwiwa a ƙasa. Ina kyautata zaton shi ne wanda ƙanwarki ta fara turo miki.

Da ni ce ke, komawa zan yi kan bidiyon farkon nan da ya karɓe ni. In kalle shi har in haddace motsi bakwai ko takwas, in rubuta su, in ajiye waya. Wato ki ɗauki tafiyar na sannu-sannu, ki ari tsarin Ashtanga na maimaita abu ɗaya kullum. Minti goma sha biyar ya isa. Caturanga kuma ki bar shi yanzu. In kin dawo kansa daga baya, gwiwa a ƙasa. Ba ki da mai buga miki sanda, don haka ki zama mai kasa wa kanki kunne: bakinki na buɗewa, ki tsaya.

Abba Fagge

Sannu Hajiya, Allah Ya ba da lafiya. Anti Bilki ta gama magana, amma bari in ɗan kare Power, don ni shi nake yi yau shekara biyu.

Ina sayar da waya a Farm Centre, kuma da ƙwallo nake bugawa duk yamma kafin gwiwata ta hana ni. Na gwada na sannu-sannun, gaskiya hankalina ba ya zama, ina yi ina tunanin shago. Power ne ya riƙe ni saboda ba ya ba ka sararin tunani. Sau uku a mako, minti arba'in, kuma ƙarfin kafaɗa da na cikin da na samu ko lokacin ƙwallo ban same shi ba. Ashtanga na yi wata ɗaya na gudu, abu ɗaya kullum ya gundure ni. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma na yarda ba da shi ake farawa ba, ni ma da ƙarfina na shigo.

Abin da na lura a labarinki, Hajiya, rabin laifin na ledar ɗakin nan ne. Gumi na sauka a kanta ta zama santsi, hannu na zamewa gaba, nauyi duk ya koma wuyan hannu. Tabarmar roba ta zama ma haka take. Ki aika a duba miki shimfiɗar yoga a shagunan kayan wasanni na Sabon Gari, mai kama ƙasa, ba mai laushi sosai kamar katifa ba. Kafin ki samu, ki yi a kan siminti ki shimfiɗa babban tawul.

Maganar data kuma, ki sauke bidiyon sau ɗaya da datar dare ya zauna a wayarki. Kuma a YouTube akwai inda ake rage gudun bidiyo, ki mayar da shi 0.75. Da haka na koyi yawancin abin da na iya.

Sai abu ɗaya da nake so in ja kunne a kai. Za ki ci karo da wanda ake yi a ɗaki mai zafi. Asalinsa na wani Bikram ne, siffa 26 da atisayen numfashi biyu, minti 90, a ɗakin da aka ɗumama ya kai wajen digiri 40. Shi ba ma mai gudana ba ne, tsayawa ake yi a kowace siffa, amma akwai masu yin Power a irin wannan zafin. Wani abokina ya gani ya rufe taga da ƙofa a watan Afrilu wai zai kwaikwaya, sai da aka yayyafa masa ruwa. Mu nan daga Maris zuwa Mayu zafin da suke kunna inji su samu shi ne a tsakar gidanmu. Ki buɗe taga, ki ajiye ruwa kusa, ki yi da dare ko da sassafe. Da hunturu kuma ki ƙara lokacin ɗumama jiki, don da sanyin safiya jijiyoyi a ɗaure suke.

Malama Hadiza, Gwale

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa Allah Ya ba ki lafiya mai amfani. Ni ba na yin yoga, tafiyar ƙafa nake yi, amma akwai ɓangaren da ban ga an taɓo ba, kuma a wurina ya fi wuyan hannu muhimmanci.

Jerin nan da Anti Bilki ta ce ana buɗewa da shi, sunansa Surya Namaskar, ma'anarsa gaisuwa ga rana. Mu kuma an hana mu yin nafila daidai hudowar rana da faɗuwarta, kuma daga cikin hikimar da malamai suka ambata akwai nisantar kama da masu yi mata sujada. In sallar da ake yi don Allah an ce a dakata da ita a wannan lokacin, to abin da sunansa ma gaisuwa ga rana ne ya cancanci mutum ya tsaya ya yi tambaya.

Kuma su ma salon nan ba ɗaya suke ba ta wannan fuska. A Ashtanga ana buɗe zama da wani baiti na yaren Sanskrit, na girmama malamansu na da. Akwai wani salo Jivamukti da aka kafa a New York a 1984, shi rera baitoci da karantar da aƙidarsu suna cikin ginshiƙansa, ba ƙari ba ne. Power da yawancin bidiyon Vinyasa sun rage waɗannan sosai, amma za ki ga ana haɗa tafin hannu a ƙirji ana sunkuyar da kai, ko a ja sautin "om" a farko da ƙarshe.

Malaman wasu ƙasashe sun zauna a kan maganar. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin yoga saboda abubuwan bautar da ke cakuɗe da ita. A farkon 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana wadda ake haɗawa da baitoci da al'adun bauta, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Kin ga akwai saɓani, kuma ni ba mai fatawa ba ce. Roƙona kawai ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa, ki nuna masa bidiyon da idonsa, kada ki ba shi labari da baki. Neman lafiya wajibi ne, amma kada garin neman gira a rasa ido.

Anti Bilki, Hotoro

Malama Allah Ya saka da alheri, kin cike gibin da na bari. Wannan damuwar ita ta hana ni shiga ajin sai da muka yi wata biyar a garin. Ranar farko na gaya wa dattijuwar cewa ni Musulma ce, ba zan rera komai ba, ba zan haɗa hannu in sunkuya wa hoto ko mutum ba. Ba ta ja ba ko kaɗan, ta ce Maisur cike take da Musulmi, ta saba. Ina tsayawa a matakalar bene har su gama baitinsu sannan in shigo. Har yau ba na yi da hudowar rana, sai da hantsi ko bayan isha'i, a cikin ɗakina.

Da muka dawo Kano na kai wa malaminmu maganar kamar yadda kika ce, maigidana ya nuna masa motsin ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ce mana shi ne in bar sunayen, in bar lafuzzan, in tsare niyyata a kan lafiyar jiki. A kan haka nake. Na san akwai malaman da suke ganin a bar abin gaba ɗaya ya fi, kuma ban ga laifin wanda ya bi su ba. Maman Ilham, ke ma ki ji daga bakin naki malamin.

Usman Fisiyo

Hajiya sannu. Aikina ke nan, gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, kuma teloli da masu saƙa da direbobin adaidaita su ne rabin waɗanda nake gani.

Binciken da aka yi a kan ciwon ƙasan baya mai daɗewa ya nuna yoga tana taimakawa daidai gwargwado, kusan kamar sauran nau'o'in motsa jiki. Saboda haka kada sunan salo ya ɗauke miki hankali. Wanda za ki iya ci gaba da yi wata shida ba tare da kin ji ciwo ba, shi ne naki. Na goyi bayan Anti Bilki a kan na sannu-sannu, sai dai ina da gyara ɗaya: kada ki ji tsoron sunkuyo gaba ɗaya. Baya yana son motsi ta kowace fuska. Ki sassauta gwiwa in za ki sunkuya, kuma ki haɗa da kishiyarsa, wato ki kwanta rub da ciki ki ɗago ƙirji a kan gwiwar hannu, ko ki kwanta rigingine ki ɗaga ƙugu sama.

Wuyan hannun ki ba shi hutu har kumburin ya sauka. Duk inda aka ce a dafa tafin hannu, ki sauka a kan gwiwar hannu. In ya wuce mako biyu yana ciwo, ko yatsu suna yi miki kamar tafiyar kiyashi, ki zo a duba.

Amma gaskiyar magana, minti goma sha biyar da dare ba za su goge awa goma a kan keke ba. Ki riƙa tashi duk bayan minti talatin ko arba'in, ko zagaya tsakar gida ne ki dawo. Ki duba kujerarki, in benci ne marar majingina ki canza, ki sa ɗan matashi a ƙugu.

In kina da hawan jini ko hawan ruwan ido, ko kina da juna biyu, ki tambayi likitanki kafin ki yi siffofin da kai ke komawa ƙasa da ƙirji. In kuma ciwon ya fara sauka ƙafa da sanyin jiki ko rashin ƙarfi, ko kika kasa riƙe fitsari, wannan ba na tabarma ba ne, asibiti za ki tafi a ranar.

Maman Ilham, Gandun Albasa

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni na yi shiru mako uku, so na yi in gwada kafin in dawo. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya raya zuri'a.

Malama Hadiza, na bi shawararki. Na kai wa malaminmu na Islamiyyar matan aure wayar ya kalla, ya yi mini tambayoyi, ya gindaya mini sharuɗɗa kusan irin na Anti Bilki, ya ƙara da cewa in rufe ƙofa kuma in kashe kiɗan da ke cikin bidiyon. Hankalina ya kwanta.

Na koma kan bidiyon farko. Na zaɓi motsi takwas, na zana su da allin ɗinki a bayan kwalin shadda, na jingina shi a jikin wadirof. Tun kwana na shida ban sake buɗe waya ba. Abba, na samu shimfiɗar, maigida ne ya biya Sabon Gari ya sayo, kuma gaskiyarka, hannu ba ya zamewa. Malam Usman, an yi mini kujera mai majingina, kuma Ilham ce mai tashina in ta dawo daga makaranta. Da safe dai in aiki ya kankama mantawa nake yi.

Anti Bilki, maganar sandar nan ta zauna mini. Daren jiya ina tsakiyar na biyar na ji bakina ya buɗe, na tsaya na durƙusa na ɗora goshi a kan hannu har numfashin ya dawo ta hanci, sannan na ci gaba. Bayan yana nan yana ɗan yi da yamma, amma yau kwana tara ban dafa bango ba. Hannun ya sauka, ankon ma na kai.

Saura tambaya ɗaya. Azumi ya kusa, kuma a lokacin ne aikin ke ninkuwa. Ke yaushe kike yi a cikin Ramadan, kafin sahur ko bayan tarawihi? Kuma in bayan buɗa-baki ne, awa nawa kike bari abinci ya faɗa?